DARASIN NOMA DA KIWON LAFIYA: Haɗarin Maganin Iri Mai Zaiba

Gabatarwa

Darasinmu na wannan wata ya shafi kowane gida da ake noma a cikinsa. Zai yi magana ne a kan maganin da ake cuɗa irin shuka da shi, musamman wani nau'insa da ake haɗawa da zaiba. Muna roƙon duk wanda ya karanta ya karanta wa na kusa da shi, maza da mata, domin maigida ne ke sayo iri, amma uwargida ce ke riƙe da turmi da tukunya.

Kowa ya san halin da ake shiga idan bazara ta yi nisa. Rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, ga kuma buhun iri a jingine a ɗaki yana jiran ruwan shuka. A irin wannan lokaci ne zuciya ke raya wa mutum ya ɗebi mudu ɗaya ko biyu, a wanke, a yi wa yara tuwo. A wannan darasi za mu ga abin da ya sami mutanen da suka yi haka, da dalilin da ya sa wanki da dahuwa ba su cece su ba. Daga nan sai mu koyi yadda ake aiki da maganin iri ba tare da an cutu ba.

Mene Ne Maganin Iri?

Akwai wasu ƙananan ƙwayoyin cuta, dangin funfuna, waɗanda ido ba ya gani. Wasu suna manne a jikin iri tun daga gonar bara, wasu kuma suna cikin ƙasa suna jira. Su ne ke sa iri ya ruɓe kafin ya tsiro, ko tsiron ya mutu yana ƙarami. Su ne kuma ke kawo burtuntuna, wato cutar da ke mai da zangarniyar dawa baƙin gari. Don maganin wannan ne masana suka ƙirƙiro hoda ko ruwan da ake cuɗa iri da shi kafin a shuka. Aikinsa shi ne ya kashe waɗannan ƙwayoyi, ya tsare tsiro a kwanakinsa na farko.

To, abin da ke kashe ƙwayar cuta guba ne. Shi ya sa kamfanoni ke sa wa maganin launi, yawanci ja ko ruwan hoda, wani lokaci shuɗi ko kore. Launin ba ado ba ne, kuma ba shi ne maganin ba. Alama ce kawai da ke cewa: wannan iri na shuka ne, kada mutum ko dabba ya ci.

Mene Ne Zaiba?

Zaiba wani ƙarfe ne mai nauyi da ƙyalli kamar azurfa, amma a narke yake kamar ruwa. Ita ce ake gani a cikin tsohon ma'aunin zafin jiki na asibiti, ita ce kuma masu haƙar zinariya ke amfani da ita wajen tattaro zinariya daga garin dutse. Tun zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya aka fara haɗa ta da wasu sinadarai a ƙasar Jamus ana yin maganin iri. Maganin ya karɓu a ƙasashe da yawa saboda yana da araha, kaɗan yana isar iri mai yawa, kuma yana kashe cututtuka iri-iri. An sayar da shi da sunaye kamar Ceresan da Agrosan da Granosan da Panogen.

Daga cikin haɗin zaiba da aka yi maganin iri da shi akwai kashi uku. Masana na kiransu metil-makuri da etil-makuri da fenil-makuri. Dukkansu guba ne, amma na farko da na biyu sun fi muni, domin suna kai wa ga ƙwaƙwalwa.

Abin Da Ya Faru A Iraƙi

Babbar masifar da wannan magani ya taɓa jawowa ta auku ne a ƙasar Iraƙi, a ƙarshen shekarar 1971 zuwa farkon 1972. Ya kamata kowane manomi ya san wannan labari, domin mutanen da abin ya shafa manoma ne mazauna karkara.

An yi fari a ƙasar, amfanin gona ya yi ƙaranci. Sai gwamnati ta sayo irin shuka daga waje don ta raba wa manoma: alkama wajen tan 73,000, da sha'ir wajen tan 22,000. Alkamar daga ƙasar Meksiko aka kawo ta. An cuɗa irin da maganin metil-makuri, an rina shi ja-ja. Jiragen ruwa suka sauke shi a tashar Basra, aka bi ƙauyuka ana rabawa.

Matsala ta farko ita ce, irin ya isa hannun manoma da yawa a makare, bayan sun riga sun gama shuka da nasu. Ga alkama buhu-buhu a ɗaki, ga kuma ƙarancin abinci. Matsala ta biyu ita ce, gargaɗin da ke jikin buhunan an rubuta shi ne da Turanci da Sifaniyanci, alhali mutanen ƙauyukan Larabci ko Kurdanci suke ji. Wasu buhunan na ɗauke da hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye, amma da yawa ba su san ma'anar hoton ba.

Mutane suka niƙa alkamar suka yi gurasa, gida duka aka ci. Aka kwana, aka yi mako, aka yi mako biyu, ba wanda ya ji komai. Sai a ƙarshen watan Disamba na 1971 aka fara kawo marasa lafiya asibiti. Kafin ƙarshen watan Maris na 1972, an kwantar da mutum 6,530, kuma 459 daga cikinsu sun mutu. Wannan lissafin asibiti ne kawai. Masu bincike sun yi imani cewa waɗanda suka kamu ko suka mutu a gida sun fi haka yawa nesa. Abin baƙin ciki kuma, an taɓa yin irin wannan a ƙasar a shekarar 1956 da 1960.

Kurakurai Huɗu Da Suka Jawo Asarar Rai

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen nan ba su da wayo. Wasunsu sun ji an ce irin na da guba, har sun gwada shi ta hanyoyin da suka sani. Hanyoyin ne suka yaudare su.

1. Sun wanke alkamar. Da aka zuba ruwa sai jan launin ya fita, hatsi ya koma kamar kowane hatsi. Sai suka ɗauka gubar ta tafi. Alhali rinin ne kawai ya bi ruwa, zaibar tana nan maƙale da ƙwayar hatsin.

2. Sun dogara da wuta. Sun zaci zafin tanda zai kashe gubar kamar yadda tafasa ruwa ke kashe ƙwayoyin cuta. Amma zaiba ba abu mai rai ba ne, balle wuta ta kashe ta. Gashi da dahuwa da suya ba sa raba ta da abinci.

3. Sun gwada da dabba. Wasu sun watsa wa kaji ko sun ba tumaki, suka zuba ido kwana biyu ko uku. Da suka ga ba abin da ya same su, sai hankalinsu ya kwanta. Ba su san cewa ita ma dabbar sai bayan makonni ciwon zai bayyana a jikinta ba, kuma namanta ya riga ya zama guba.

4. Sun zubar da sauran barkatai. Da gwamnati ta yi shelar a daina ci, ta kuma sa hukunci mai tsanani a kan masu sayarwa, sai tsoro ya sa wasu suka zubar da irin a bakin hanya da cikin koguna. Tsuntsaye da kifaye suka ci, gubar ta ƙara bazuwa.

Yadda Gubar Ke Aiki A Jiki

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar gubar. A cikin kilo ɗaya na waccan alkama, zaibar da ke ciki wajen miligiram 8 ce, wato kusan nauyin ƙwayar gero guda ɗaya. Yaya aka yi ɗan wannan abu ya kashe mutane? Dalilai uku ne.

Na farko, idan aka ci metil-makuri, kusan dukkansa hanji ke tsotsewa ya shiga jini. Ɗan kaɗan ne ke fita tare da bayan gida.

Na biyu, jiki ba ya iya fitar da shi da sauri. Sai an yi kusan wata biyu kafin rabin abin da ya shiga ya fita. Ka ɗauki misalin randa mai ɗan tsagu a gindi, wadda ake zuba wa guga ɗaya kullum, tana ɗigar da ludayi ɗaya. Dole wata rana ta cika. Haka gurasar kullum ta riƙa tara guba a jikin masu cin ta.

Na uku, wannan guba tana ratsa shingen da ke tsare ƙwaƙwalwa, ta zauna a can tana lalata sassan da ke kula da gani da ji da magana da tafiya. Ɓarnar a ɓoye take farawa. A Iraƙi an sami tazarar mako biyu zuwa biyar ko fiye tsakanin fara ci da fara jin ciwo. Wasu ma sun daina cin gurasar kafin ciwon ya taso musu.

Ban da ta baki, gubar na shiga ta fata da kuma ta numfashi. A shekarar 1940 likitoci a Ingila sun ba da rahoton wasu ma'aikata huɗu da suka kamu saboda shaƙar maganin a wurin da ake haɗa shi. Nau'in fenil-makuri yana ƙona fata har ta yi bororo, kuma dangin zaiba na taɓa ƙoda.

Alamomin Kamuwa

Ga alamomin, daga masu sauƙi zuwa masu tsanani:

1. Leɓe da harshe da yatsun hannu da na ƙafa su riƙa sagewa, ko mutum ya ji kamar ana tsira masa allura.
2. Tafiya ta rikice, mutum ya riƙa tangaɗi, hannu ya kasa riƙe ludayi ko ɓalla maɓallin riga.
3. Gani ya ƙuntata. Mutum na ganin abin da ke gabansa, amma ba ya ganin gefe, kamar mai leƙe ta cikin bututu.
4. Harshe ya yi nauyi, magana ta daina fita sosai.
5. Ji ya ragu, har ya kai ga kurumta.
6. Idan abin ya yi tsanani, makanta da shanyewar jiki da dogon suma, sannan mutuwa.

Idan aka ga mutum biyu ko uku a gida ɗaya ko unguwa ɗaya da irin waɗannan alamomi, ba tare da zazzaɓi ba, to a binciki abin da suke ci. Kada a tsaya cewa iska ce ko sammu. A kai su asibiti. Likitoci na iya gano zaiba ta hanyar auna jini ko gashin kai. Akwai magungunan da ke taimakawa wajen rage ta a jini, kuma wasu da abin bai yi wa tsanani ba sun sami sauƙi a hankali. Amma sashen ƙwaƙwalwar da ya riga ya lalace ba ya komawa yadda yake. A nan, rigakafi ya fi magani ƙwarai da gaske.

Mata Masu Ciki Da Ƙananan Yara

Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne ɗan da ke cikin ciki. Gubar na bi ta mabiyiya ta isa gare shi, kuma ƙwaƙwalwarsa da ke kan tsirowa ba ta da juriyar ta babba. A Iraƙi an sami matan da ciwon bai taɓa su sosai ba, amma suka haifi 'ya'ya masu lalurar ƙwaƙwalwa. Wasu yaran sun yi jinkirin tafiya da magana, wasu kuma an haife su makafi ko kurame. Gubar na kuma fita a cikin ruwan nono. Saboda haka mace mai ciki da mai shayarwa da yara ba su da aiki a wurin da ake cuɗa iri.

Ba Iraƙi Kaɗai Ba Ce

Irin wannan ya faru a wasu wurare, har da nan Afirka ta Yamma. A shekarar 1967, a wani ƙauye na kudancin ƙasar Gana, mutane sun ci masarar shuka da aka cuɗa da etil-makuri. Mutum 144 suka kamu, 20 suka mutu. An kuma yi a Pakistan da Gwatamala a shekarun 1960.

A Amurka, a jihar Niyu Meksiko, a shekarar 1969, wani magidanci ya kwaso sharar iri mai magani ya ciyar da aladunsa, sannan ya yanka ɗaya iyalinsa suka ci naman. 'Ya'yansa uku suka kamu da mummunan ciwo. Matarsa na da ciki a lokacin, jaririn da ta haifa ya zo da lalurar ƙwaƙwalwa. Ba wanda ya ci hatsin a gidan, ta nama gubar ta iso su. Wannan ya nuna cewa ba dabba iri mai magani daidai yake da zuba shi a tukunyar gida.

A ƙasar Suwidin kuwa, tsuntsaye ne suka fara nuna akwai matsala. An ga masu tsince iri a gonaki suna mutuwa, haka ma shaho da mujiya da ke cin su. Ƙasar ta hana cuɗa iri da metil-makuri a shekarar 1966. Amurka ta bi sahu a 1970.

Halin Da Ake Ciki A Yau

Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniya a kan zaiba a shekarar 2013, wadda ta fara aiki a 2017. Ana kiranta Yarjejeniyar Minamata, sunan wani gari a Japan inda aka gano a 1956 cewa jama'a na kamuwa da ciwo saboda cin kifin da ya ɗauki zaiba daga dagwalon wata masana'anta. Nijar ta amince da yarjejeniyar a 2017, Nijeriya kuma a 2018. A ƙarƙashinta, shekarar 2020 ce wa'adin daina ƙera magungunan gona masu zaiba, da shigo da su, da fitar da su.

Mai karatu zai iya tambaya: tunda an hana, mene ne amfanin wannan darasi? Amfaninsa biyu ne. Na ɗaya, zaiba ba ta ruɓewa, ba ta kuma tsufa. Tsohon gwangwanin da aka manta da shi a lungun sito shekara arba'in, gubarsa na nan. Na biyu, magungunan iri na yanzu, kamar masu sinadarin tiram ko metalaksil, ba su da zaiba, amma su ma guba ne, kuma sau da yawa ana haɗa su da maganin ƙwari. Ƙa'idar da ta hana cin iri mai zaiba ita ce ta hana cin kowane iri mai magani.

A lura: amfanin gonar da aka girbe daga irin da aka cuɗa da maganin zamani bisa ƙa'ida ba shi da laifin ci. Haɗarin na jikin ƙwayar irin da aka cuɗa ne.

Idan Ka Ci Karo Da Tsohon Magani

Idan ka ga tsohon gwangwani ko ƙunshin maganin iri mai ɗaya daga cikin sunayen da muka ambata, ko wanda takardarsa ta goge ba a san ko mene ne ba:

1. Kada ka buɗe, kada ka shinshina, kada ka taɓa da hannu tsirara.
2. Kada ka yi amfani da shi, kada ka ba wani ko ka sayar.
3. Kada ka ƙona shi. Wuta na mai da zaiba tururi, mai shaƙa ya cutu.
4. Kada ka zuba a rafi ko kududdufi ko masai, kada kuma ka binne, domin zai iya bin ruwa ya kai ga rijiya.
5. Ka sa safar hannu ta roba, ka saka shi cikin wani mazubi mai murfi, ka kulle inda yaro ko dabba ba za su kai ba.
6. Ka sanar da malamin gona ko sashen aikin gona na ƙaramar hukuma, domin a san yadda za a kwashe shi.

Ƙa'idojin Cuɗa Iri Da Shuka Shi

1. Sayi magani a rufe cikin ƙunshinsa na asali, mai takarda da lambar rajista. A Nijeriya hukumar NAFDAC ce ke yi wa magungunan gona rajista. Guji hodar da ake aunawa a leda ba suna.
2. Bi ma'aunin da aka rubuta. Ƙara magani ba ya ƙara yabanya, yana ma iya hana iri tsirowa.
3. Cuɗa gwargwadon abin da za ka shuka kawai, kuma dab da lokacin shuka.
4. Yi aikin a fili, nesa da madafa da rijiya da turken dabbobi. Ka ba iska baya.
5. Sa riga mai dogon hannu da safar hannu ta roba, ka rufe hanci da baki.
6. Zuba iri da magani a mazubi mai murfi, ka rufe ka jijjiga. Kada ka gauraya da hannu. Wannan mazubi ya zama na wannan aiki kaɗai. Kada a ari ƙwarya ko kwanon uwargida.
7. Kada ka ci abinci ko goro, kada ka sha ruwa ko taba, sai ka wanke hannu da fuska da sabulu.
8. Wajen shuka, a ja wa yara kunne kada su jefa iri a baki, musamman gyaɗa da wake. A wanke hannu kafin a sha furar da aka kawo gona.
9. A rufe ramin shuka sosai, a tsince abin da ya zube, don kada kaji da zabi da tattabaru su ci. Tsuntsun da aka tsinta matacce ko yana magagi a gona, kada a ci.
10. Irin da ya rage a sa masa alama, a kulle shi dabam. Kada ya shiga rumbu ko ɗakin da ake ajiye abinci. Buhunsa ma kada a sake zuba abinci a ciki.
11. Bayan an gama, a yi wanka, a wanke tufafin aikin dabam da na iyali.
12. Maganin iri dabam, maganin ajiyar hatsi dabam. Kada a zuba maganin iri a hatsin da za a ci.

Haka kuma idan ka ga hatsi mai launin ja ko shuɗi ko kore a kasuwa ana karyar da farashinsa, kada ka saya don ci. Masu injin niƙa su ma su ƙi karɓar irin wannan hatsi, domin zai gurɓata injin da garin wanda zai biyo baya.

Karanta Takardar Magani

Mun ga yadda gargaɗin da ba a iya karantawa ba ya zama kamar babu shi. A ƙasan takardar maganin gona akwai zanen launi da ke nuna ƙarfin gubarsa:

Ja: guba mai tsanani ƙwarai.
Rawaya: mai haɗari.
Shuɗi: a yi hattara.
Kore: haɗarinsa kaɗan ne, amma shi ma a bi ƙa'ida.

Hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa a gicciye na nufin abin da ke ciki yana kisa. Idan rubutun da harshen da ba ka ji aka yi shi, ka nemi malamin gona ko wani mai ilimi ya fassara maka kafin ka buɗe. Matambayi ba ya ɓata. Su kuma masu raba iri, ko na gwamnati ko na ƙungiya ko 'yan kasuwa, wajibi ne su faɗa wa manomi da bakinsu, da harshen da yake ji, cewa irin na da magani.

Taimakon Gaggawa

Idan magani ya zuba a fata, a cire tufafin, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa. Idan ya shiga ido, a riƙa zuba ruwa mai tsabta har tsawon minti 15. Idan an shaƙa, a fitar da mutum inda iska ke kaɗawa. Idan an haɗiya, ko an ci abincin da aka yi da iri mai magani, kada a sa mutum amai da ƙarfi, kada a ɗura masa madara ko manja, domin ba sa karya guba. A garzaya da shi asibiti tare da ƙunshin maganin ko takardarsa. A tafi da duk waɗanda suka ci abincin, har da waɗanda ba su ji komai ba, sannan a killace sauran hatsin da garin.

A Taƙaice

Iri mai magani na shuka ne kawai. Wanki na fitar da launi ya bar guba. Wuta ba ta kashe ta. Lafiyar kazar da ta ci jiya ba shaida ba ce, haka ma rashin jin ciwo a yau. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk tsananin da ake ciki, gara a nemi rancen hatsi a wurin dangi ko maƙwabta da a taɓa buhun iri.

Tambayoyi

1. Don me ake sa wa iri mai magani launi?
2. Kawo dalilai biyu da suka sa manoman Iraƙi suka ci irin shuka a shekarar 1971.
3. Me ya sa gwaji da kaza bai nuna musu haɗarin ba?
4. Faɗi alamomi huɗu na kamuwa da gubar zaiba.
5. Su wane ne bai kamata su kusanci wurin cuɗa iri ba? Don me?
6. Me za ka yi idan ka tsinci tsohon gwangwanin magani marar takarda?

Aikin Yi

Ka duba inda kake ajiye irinka da magungunan gonarka. Idan ɗaki ɗaya suke da abinci, ka raba su a yau. Ka rubuta GUBA da manyan baƙaƙe a jikin buhun iri mai magani, ka nuna wa kowa a gidan, ka kuma faɗa musu ma'anarta.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka.